Jawabin Maraba ga Mai Shari'a, Baƙon Hausawa Mazauna Sinsinati a Jihar Ohayo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Mai Shari'a, babban baƙonmu, da 'yan tawagar da suka rako ka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawan wannan al'umma, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ƙannena da 'ya'yanmu, ina yi wa kowa barka da yamma.

A madadin Hausawa mazauna Sinsinati da kewayenta, na Najeriya da na Nijar da na Gana, ina yi maka maraba lale. Sannu da hanya, sannu da gajiyar jirgi, sannu kuma da wannan sanyi da ya tarbe ka tun daga filin jirgi. Mun san aiki ne ya kawo ka, domin a wannan birni ne kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta shida take zama, wadda ke sauraron ƙararraki daga jihohin Ohayo da Michigan da Kentucky da Tennessee. Duk da haka ka ware mana wannan yammaci. A cikin zauren nan akwai direbobi da ma'aikatan asibiti da ɗalibai da masu aikin dare a masana'antu, wasu ma musayar aiki suka yi da abokansu domin su gan ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, da muka zauna shawarar inda za mu kai ka gobe, dattawanmu suka ce tunda alƙali ne ya zo, a kai shi North Bend, wani ƙaramin gari a bakin kogin Ohayo, kimanin kilomita 25 yamma da nan. Masu yawon buɗe ido kabarin tsohon shugaban Amurka William Henry Harrison suke zuwa gani a can. Mu kuwa wata tsohuwar maƙabarta da ke kusa da shi muke so ka gani, inda surukin Harrison ɗin yake kwance, wato Alƙali John Cleves Symmes. Ina neman izini in ba ka labarinsa, domin roƙon da muke da shi a gare ka yana cikin labarin.

An haifi Symmes a 1742 a tsibirin Long Island, ya koma New Jersey da zama, ya zama kanar na mayaƙan sa-kai a yaƙin neman 'yancin kai daga Ingila, kuma a 1777 aka naɗa shi alƙali a kotun ƙolin jihar. Matarsa ta farko, Anna Tuthill, ta rasu a 1776, ta bar masa 'ya'ya mata biyu, Maria da Anna, ƙaramar tana da shekara ɗaya. Ana ba da labarin cewa da yaƙi ya tsananta, shigar sojan Ingila ya yi, ya ɗauki ƙaramar a kan doki, ya ratsa yankin da abokan gaba ke riƙe da shi, ya kai ta hannun kakanninta na wajen uwa. A can ta girma, ta kuma yi karatun da 'yan mata kaɗan ke samu a zamanin.

A 1787 majalisar ƙasa ta kafa dokar mulkin yankin da ke arewa maso yammacin kogin Ohayo, wanda daga baya aka yanka jihohi biyar daga cikinsa. Dokar ta haramta bauta a yankin, alhali a Kentucky, da ke tsallaken kogin nan, ana ci gaba da sayen mutane da sayar da su. Ta tanadi gwamna ɗaya da sakatare da alƙalai uku, ta kuma ɗora wa gwamnan da alƙalan aikin zaɓo dokoki daga tsofaffin jihohi har zuwa ranar da maza 'yantattu za su kai 5,000 a kafa majalisa. Ke nan mai yanke hukunci shi ne kuma mai shimfiɗa doka. Har ila yau ta shardanta cewa kowane alƙali ya mallaki eka 500 a yankin. Gwamnan shi ne Janar Arthur St. Clair, kuma a 1788 aka naɗa Symmes cikin alƙalan uku.

Ba zan rage masa wahalar da ya sha ba. Abokan aikinsa biyu na farko ba su ga ƙarshen 1789 ba: James Varnum ya rasu a Marietta a farkon shekarar, Samuel Parsons kuma ruwa ya ci shi a watan Nuwamba. Wuraren zaman kotu, Marietta da Sinsinati da Vincennes da Kaskaskia, tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce a kan doki ko cikin kwalekwale, a ratsa kurmi da fadama, a kwana a daji. A 1795 shi da gwamna da Alƙali George Turner suka zauna a garin nan suka tattara dokokin yankin, William Maxwell ya buga su a 1796, kuma shi ne littafi na farko da aka buga a yankin gaba ɗaya. Wanda ya san abin da ake nufi da yin shari'a ba tare da kundin da kowa zai duba ba, ya san darajar wannan aiki.

Sai dai, ranka ya daɗe, alƙalin nan bai zo da rigar shari'a kaɗai ba. A shekarar da aka naɗa shi, shi da abokan hulɗarsa irin su Jonathan Dayton da Elias Boudinot suka ƙulla ciniki da gwamnati na eka miliyan ɗaya tsakanin koguna biyu, babban Miami da ƙaramin Miami, a kan kashi biyu cikin uku na dala kowace eka. Ƙasar da muke zaune a kanta yanzu tana cikin wannan ciniki. Tun kafin a tsayar da iyaka ya fara sayarwa. Awon da ya sa aka yi bai zauna daidai ba, har maƙwabta suka riƙa samun turakunsu suna shiga gonakin juna. Wani filin an sayar da shi fiye da sau ɗaya, wani kuma yana wajen abin da aka yi ciniki a kansa. A 1791 sai da gwamna ya fitar da sanarwa yana gargaɗin masu saye. Da shugaba George Washington ya sa hannu a takardar mallaka a 1794, eka 311,682 kawai ta ƙunsa, domin iyakar abin da aka iya biya ke nan. Symmes bai daina sayar da abin da ke arewa da wannan iyaka ba, yana sa ran zai biya sauran daga baya.

Mutanen da suka kafa garin Dayton a 1796 suna cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Sun sare daji, sun gina bukkoki, sun yi shuka, sannan aka ce musu wanda ya sayar da ƙasar ba shi da takardarta. Majalisa ta yi dokoki a 1799 da 1801 da suka ba irinsu damar sake sayen gonakinsu daga gwamnati a kan dala biyu kowace eka, kuɗin da talakan bakin daji ba ya riƙe da su a hannu. Ko yankin da aka ce a keɓe domin kwaleji bai tsira ba, sai a 1803 majalisa ta ba da wani a madadinsa, inda Jami'ar Miami take a garin Oxford a yau.

To mutumin da aka yi wa haka, ina zai kai kuka? Babbar kotun yankin alƙalai uku ne, ɗaya daga cikinsu shi ne ya sayar masa da filin. Wani kuma, Rufus Putnam, jigo ne a kamfanin da ya sayar da filayen Marietta. Daga 1792 alƙali ɗaya ma yana iya zama shi kaɗai, kuma babu wata kotu a sama da za a ɗaukaka ƙara zuwa gare ta. St. Clair da kansa ya rubuta wa gwamnatin tarayya yana kokawa da cewa kusan kowace rigimar fili tana komawa ne ga cinikin da aka yi da ɗaya daga cikin alƙalan. Alƙali ke kiɗansa, shi ke rawarsa. A ganina Symmes bai fito da niyyar cuta ba. Mutum ne mai dogon buri da sakaci da lissafi, wanda ya ɗauka cewa tunda ya san zuciyarsa, kowa ma ya kamata ya yarda da shi. Amma mai ƙara ba ya ganin zuciyar alƙali, abin da yake gani shi ne wanda ya karɓi kuɗinsa zaune a kujerar hukunci, kuma daga ranar ya daina sa rai da kotu ko da za a yi masa adalci.

Akwai waɗanda ko wannan kotun ba ta buɗe musu ƙofa ba. Ƙasar da ake ta yankawa ta ƙabilun Shawnee da Miami da maƙwabtansu ce. Dokar 1787 ta yi alkawari a rubuce cewa ba za a karɓi ƙasarsu ba sai da yardarsu. Sun kare ta da makami, a Nuwamba 1791 suka murƙushe rundunar St. Clair, aka kashe sojoji fiye da 600. Bayan Janar Anthony Wayne ya ci su da yaƙi a Fallen Timbers a 1794, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta raba su da mafi yawan abin da ake kira Ohayo a yau. Bai kamata mu da muke cin arzikin wannan ƙasa mu ba da labarinta mu tsallake su ba.

A cikin hafsoshin Wayne akwai wani saurayi, Harrison, wanda ya ga Anna bayan mahaifinta ya taho da ita yamma tare da amaryarsa Susanna Livingston, 'yar gwamnan New Jersey. Alƙali ya ƙi ba shi, yana ganin soja ba shi da abin riƙe iyali. Aka ɗaura auren a ranar 25 ga Nuwamba 1795 lokacin da ya yi tafiya. Iyayenmu da ke nan na san ba za su yaba da wannan hanya ba, ni ma ban yaba ba, amma daga baya suruki da suruki sun shirya. Harrison ya zama wakilin yankin a majalisa a 1799, bayan ya kayar da ɗan Gwamna St. Clair da ƙuri'a ɗaya, kuma shi ya tsaya aka yi dokar filaye ta 1800, wadda ta rage mafi ƙarancin abin da mutum zai saya daga gwamnati zuwa eka 320, a biya a hankali cikin shekara huɗu. Wato surukin babban dillalin ƙasa ne ya buɗe wa ƙaramin manomi hanyar saye kai tsaye. Symmes kuwa ya bi sahun masu adawa da St. Clair, masu neman a ba yankin jiha. Shugaba Jefferson ya sauke gwamnan a ƙarshen 1802, Ohayo ta zama jiha ta 17 a 1803, kujerar alƙalancin Symmes ta ƙare tare da mulkin yankin.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. Ƙararraki suka cinye dukiyarsa, gidansa na North Bend ya ƙone a 1811 tare da takardunsa, ya rasu a Sinsinati a Fabrairun 1814 ba shi da wani abin kirki. A wasiyyarsa ya ɗora laifin kan gwamnati da mutanen da ya ce sun yi kwaɗayin guminsa. Anna ta haifi 'ya'ya goma, ta binne tara daga cikinsu. Mijinta ya zama shugaban ƙasa a 1841, ya rasu bayan wata ɗaya tun ba ta tare a fadar ba, jikanta Benjamin Harrison, haifaffen North Bend, shi ma ya hau kujerar a 1889.

Ranka ya daɗe, ga roƙonmu. Da wuya ka sami gida a cikinmu da bai aika kuɗi gida don sayen fuloti ba, kuma da yawa sun koma hutu sun tarar wani ya yi gini a kai, shi ma da takardarsa a hannu. Mai hutun mako uku ko huɗu, idan aka ɗage shari'arsa sau biyu, sai dai ya hau jirgi ya bar ta. Akwai marayu da zawarawa a cikinmu da gadonsu ya maƙale ta wannan hanya. Muna roƙon ka kai wa abokan aikinka kukanmu: a duba yadda za a gaggauta shari'ar fili da ta gado, a kuma buɗe hanyar karɓar shaidar wanda ke ƙasar waje ta bidiyo a inda doka ta yarda, kamar yadda za ka ga ana yi a kotunan nan. Abin da ya fi damunmu kuma, duk alƙali ko ma'aikacin kotun da ke da hannu a cinikin wani fili, shi ko ɗan'uwansa ko surukinsa, ya faɗa da bakinsa, ya janye tun kafin a nemi ya janye. Mun san kai mai tsayawa ne a kan wannan, shi ya sa muka faɗa a gabanka ba tare da kwana-kwana ba. Mu ma mun ɗauki namu nauyin, za mu ci gaba da jan kunnen mutanenmu su daina sayen fili ta wayar tarho ba tare da lauya da binciken takardu ba.

Matasanmu masu karatun lauya sun shirya tambayoyi, muna fatan za ka ba su lokaci bayan sallar isha'i. Iyayenmu mata kuma tun safe suke tsaye a kan tuwo da miyar kuka da masa, sun ce kada a bari abinci ya huce. Gobe da ƙarfe tara motoci za su tashi daga masaukinka zuwa North Bend.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka a kan kujerar da ya ɗora ka, ya mayar da kai ga iyalinka lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.