Ranar da Mai Kaya Ya Kasa Cewa "Albarka"

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren wata majami'ar Katolika da ke Agege, Legas, bayan an tashi daga sujadar Lahadi.)

Ana ji na a can baya? To, madalla. Fada, iyayenmu mata 'yan zumunta, Alhazanmu da suka taso daga Mile 12 da Alaba Rago don amsa gayyata, barkanmu da war haka. An ba ni minti arba'in, kuma na ga Fada ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur. Na gane karatun. (Dariya.)

Abu huɗu zan faɗa a kan abin da Cocin Katolika ke cewa game da ciniki tsakanin ƙasashe masu hannu da shuni da irin namu. Amma bari mu fara shiga kasuwa tukuna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 da asuba ya san wannan. Mota ta yi kwana biyu ko uku a hanya daga Kano, an sauke kwandunan tumatir. Da safe mai saye ya taya, mai kaya ya kau da kai ya ce, "Albarka." A sake tayawa, ya ce, "Albarka." Yana da wannan bakin ne saboda tumatirinsa na da ƙarfi, jawur, ka danna da yatsa bai lotsa ba. To, ku dawo wajen la'asar. Rana ta dake shi, ƙasan kwando ya fara tsiyayar ruwa, ƙuda sun taru, direba na jiran kuɗin mota. Mai saye ya taya rabin kuɗin safe. Me mai kaya zai ce? Alhaji, kai ne a cikin sana'ar, me zai ce?

(Murya daga cikin jama'a: "Sallamawa zai yi!")

Ya sallama. Ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. In aka je gaban alƙali za a ce ai da yardarsa aka yi. To tambayata, wannan yarda ce?

A nan Coci ta sa baki, kuma ba jiya ba. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya rubuta wasiƙa a kan ma'aikatan masana'antu, ana kiranta Rerum Novarum. Ya ce in lebura ya karɓi ladan da ba zai ciyar da shi ba don yunwa ta matsa masa, ko don tsoron abin da ya fi haka muni, to an zalunce shi ne, ko da ya sa hannu a takarda. Sai a watan Maris na 1967, 'yan watanni kafin yaƙin basasarmu ya ɓarke, Fafaroma Paul na 6 ya ɗauki wannan magana ya ɗora ta a kan ƙasashe, a wasiƙar Populorum Progressio. Ya ce ciniki ba shinge yana da kyau tsakanin tsara da tsara. Amma in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba, farashin da aka ce an daidaita a kai cikin 'yanci zai iya haifar da zalunci. Wato ƙasar da ba ta iya cewa "albarka" ba ciniki take yi ba, sallamawa take yi. Ku riƙe wannan. In kun manta da komai, ku riƙe "albarka".

Kuma kada Alhazai su ɗauka baƙon zance ne. Annabi Amos ya tsine wa masu rage mudu da masu ma'aunin algus, masu sayen matalauci a bakin takalmi. Ku ma kuna da sura sukutum a kan masu tauye mudu. Abin da Fafaroma ya ƙara shi ne, akwai mudun da ba a gani da ido, wanda ake sassaƙawa a Janeba da Washinton, inda manyan hukumomin ciniki da bashi na duniya suke zaune.

Bari in nuna muku shi da auduga, don ita ce ta taɓa ni a jika. Ni fa kafin in zo Legas a wata masaƙa nake aiki a Kakuri, a Kaduna. Shekara goma sha ɗaya. In an tashi aiki, kekuna sai ka ce fari sun sauka, masu ƙosai da masu kunu duk suna cin abinci a ƙofar nan. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo. Yanzu ciyawa ta fi ni tsawo a wajen. Ba zan yi muku ƙarya a cikin ɗakin Allah ba, da hannunmu a mutuwar masaƙun nan: rashin wuta, fasa-ƙwaurin atamfa, sakacin masu mulki. Amma ku dubi maƙwabtanmu da ba su yi sakaci da gona ba. Manomin Mali ko na Burkina Faso yana noma auduga da garma da fartanya, da arha fiye da na Amurka. Sai ga manoman auduga na Amurka, da ba su wuce wajen dubu 25 ba, gwamnatinsu ta zuba musu tallafin sama da dala biliyan 3 a kakar 2001 zuwa 2002 kaɗai. Mutum ya sayar ƙasa da abin da ya kashe, baitulmali ta cike masa giɓi. Farashi ya faɗi a duniya. Shi na Mali wa zai cike masa? Ga bashin taki na jira. La'asar ta yi masa, kamar mai tumatir. Sai ya sallama.

A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kuka taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Kankun, a Mekziko. Taron ya watse baran-baran. Barazil, da yake tana da lauyoyi da kuɗin biyansu, ta kai Amurka ƙara a kan audugar nan, ta kuma yi nasara. Kun ga ko shari'ar ma sai mai ƙarfi. Sai a 2015 a Nairobi aka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona waje, amma tallafin cikin gida, wanda shi ne uwa uba, yana nan daram. Fadar Batikan na da kujerar ɗan kallo a ƙungiyar, ba ta jefa ƙuri'a, sai dai ta yi magana. Yau 'yarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabanta tun 2021, amma shugaban kasuwa ba shi ke da kaya ba.

Na biyu... na riga na faɗi na biyu? Ban faɗa ba? To wannan ne na biyu, ko na uku, ku lissafa da kanku. (Dariya.) Harajin da ke hawa matakala. Ka kai ɗanyen koko, ƙofa a buɗe. Ka sarrafa shi ya zama cakulan, kuɗin fito ya hau. Shi ya sa fatar akuyarmu ta Sakkwato ke fita ta Apapa, ta dawo takalmi da sunan Italiya. Wani limamin Katolika ɗan Holan, Frans van der Hoff, da ya zauna da manoman kofi a kudancin Mekziko, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro tambarin cinikin adalci a 1988, don mai saye a Turai ya san an biya manomi farashin da ba zai faɗi ƙasa da wani mizani ba. Ƙaramin abu ne, amma Fada ne ya bar mumbari ya shiga awo.

Sai bashi, a gurguje, don Fada ya fara taɓa agogo. A 1994 Fafaroma John Paul na 2, wanda ya zo nan Legas a 1982, ya janyo Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin da ake sakin bayi a mayar wa kowa gonarsa, ya ce a rage ko a yafe bashin ƙasashe matalauta kafin 2000. Ba Katolika kaɗai ba, jama'a da yawa suka shiga. A 1998 mutum wajen dubu 70 suka riƙe hannun juna a Bamingam, a Ingila, suka zagaye taron manyan ƙasashe. A 2005 aka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, muka biya wajen 12. Yanzu kuma mun sake... to, a bar kaza cikin gashinta. Mama, na ga hannunki tun ɗazu.

(Wata dattijuwa: "Malam, duk na ji. Amma da aka rufe boda a 2019 don a taimaki manomi, mu ne muka sha wuya. Shinkafa ta gagare mu. Coci cewa take a hana kayan waje mu mutu da yunwa?")

Mama, kin kama ni, kuma gaskiyarki. A'a. Paul na 6 bai ce a rushe kasuwa ba, cewa ya yi a sa mata linzami. Fafaroma Benedict na 16 ma a 2009 cewa ya yi babban taimakon da za a yi wa ƙasashe irin namu shi ne a bar kayansu su shiga kasuwannin duniya. Buɗe ƙofa yake nema, ba rufewa ba. Rufe bodar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wa ya fi cin ribarta? Mai rumbu da zai iya ɓoye buhu dubu ya jira. Ke da kike auna kofi biyu da yamma, ke ce ba ki iya cewa "albarka", don yara na jiran tukunya. Mudun ɗaya ne, a Janeba ko a Agege.

Tunda kin buɗe wannan ƙofa, bari in taka wasu a nan. Mu nawa ne muka ɗauko yarinya daga ƙauye tana mana aiki, muka ce ai da iyayenta muka daidaita? Iyayen da ruwa ya cinye musu gona, sun isa su ce "albarka"? Mai gadin da ke kwana a ƙofar shagonka fa? Kada kowa ya kalli na kusa da shi, ni ma da ni nake. Na ga Alhaji na dariya. Alhaji, gobe da la'asar zan zo Mile 12 in ga yadda kake tayawa. (Dariya.)

Abu na huɗu kuma, Fada ya miƙe tsaye. Madara ce ta gari da ake shigo da ita, da abin da take yi wa matan Fulani masu tallan nono. A ba ni wata Lahadin. 'Yan zumunta sun ce akwai kunu a waje, a fara ba baƙinmu.