Ka Ɗaura Gilashin Milimita 15, Taga Ba Ta Canja Ba? Ba Jabu Aka Sayar Maka Ba

[Hannu yana cire gilashi daga kyamara, yana ɗaura wani. Ana nuna abin da ake gani ta taga sau biyu.]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi allon nan da kyau. Wannan shi ne abin da ido ke gani ta tagar kyamara, da gilashin milimita 50 a jikinta. An cire shi. An ɗaura na milimita 15. A sake leƙawa. Me ya canja? Ko ɗaya. Bishiyar darbejiya tana inda take, mai rake yana inda yake.

A kan wannan ake ta cacar baki kwanan nan tsakanin matasanmu da suka koma wa kyamarar fim. Mutum ya tara kuɗinsa, ya yi odar gilashi mai faɗi, ya ɗaura, ya leƙa, ya tarar da duniya yadda ya bar ta, sai ya hau waya yana cewa an damfare shi. Wasu su ce ai kyamarar ce ta mutu. Har da masu ba da shawarar a kai wa mai gyaran agogo ya buɗe ta. Don Allah kada a kai. Gilashi lafiyarsa ƙalau, kyamara ma haka.

Kyamarorin da muke magana a kai su ne renjifainda, wato masu auna nisa ta cikin taga, masu cin fim na milimita 35: Leica M, Canon P, Zorki da FED na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, da Voigtländer Bessa. In taka Yashica Electro 35 ce, irin wadda ake tsinta a tsohon akwatin Baba, gilashinta na milimita 45 a manne yake, ba ya cirewa. Zauna ka kalla don nishaɗi.

[Gaban kyamara, kusa sosai. Yatsa yana nuna taga, sannan gilashi.]

To ga inda gizo ke saƙar. A waya, abin da gilashi ya gani shi kake gani a allo. A kyamarar SLR ma haka, domin akwai madubi a ciki da ke karkato hasken gilashi zuwa idonka. Renjifainda ba ta da wannan madubin. Ga taga can a kusurwar sama. Ga gilashi nan ƙasa. Babu wata hanya da haske ke bi daga wannan zuwa wancan. Kai da fim ɗaki ɗaya kuke zaune, amma kai ta taga kake leƙen waje, shi kuma ta ƙofa yake kallo. In an rushe bango an faɗaɗa masa ƙofa, tagarka tana nan yadda magini ya bar ta.

Shi ya sa masu ƙera waɗannan kyamarori suka sa fararen layuka a cikin taga, su nuna maka iyakar abin da fim zai ɗauka. Leica M3, wadda ta fito a 1954, tana da layin milimita 50, da 90, da 135. M2 ta zo da na 35. M6 ta 1984 tana sauka har 28. A Leica daga nan layi ya ƙare. Zorki kuwa ko layin ba ta da shi, tagar gaba ɗayanta ta milimita 50 ce. Babu ɗaya a cikinsu da ta san da zaman milimita 15.

Bari mu auna a ƙasa, a ga girman ratar.

[Ƙofar Wunti ta Bauchi daga nesa. Murabba'i uku suna bayyana, ɗaya cikin ɗaya.]

Ka tsaya mita 5 daga bango. Gilashin milimita 50 zai ɗauko maka faɗin mita 3.6 na bangon. Na 28 zai ɗauko kusan mita 6 da rabi. Na 15, mita 12. Daga wuri ɗaya, ba ka ja da baya ko taku ɗaya ba. In aka lissafa faɗi da tsayi tare, abin da ke cikin layin milimita 50 kashi ɗaya ne cikin 11 na abin da ke shiga fim ɗinka. Sauran kashi goman fa? Kwata, turken lantarki, buhun leda, da wani bawan Allah da ke saƙa hannu a hanci can gefe. Duk ka ɗauke su, ba ka gan su ba, sai ranar da aka wanke fim.

Wani zai ce, "To ai ni da na ɗaura, layuka sun fito." Sun fito, amma ba na gilashinka ba ne. In gilashin mai murɗawa ne ka haɗa shi da jikin Leica M ta zoben adafta, zoben ne ke zaɓar layin da zai bayyana: 28 da 90, ko 35 da 135, ko 50 da 75. Kowanne ya fito, ka share shi.

[Hannu yana zura ƙaramar taga a mazaunin filashi.]

Ga maganin. Wannan 'yar abar da ta zo a kwali ɗaya da gilashi, wadda da yawa suka ɗauka kayan ado ce suka bar ta a gida. Taga ce ta biyu, an yi ta daidai faɗin gilashin. A saman kyamara take zama, inda ake sa filashi. Ka tura ta har ƙarshe sai ta zauna daram, domin in ta karkace kaɗan, duk hotunanka sun karkace tare da ita. Lambar da ke jikinta kuma ta zama ita ce ta jikin gilashi: 15 da 15, 21 da 21. In za ka sayi gilashi na hannu, tambayi mai shi tun kafin a yi ciniki ko tagar tana ciki. In ita kaɗai za ka nema daga baya, kuɗinta sai ya sa ka yi salati.

Yanzu kyamararka tana da taga biyu, kowacce da aikinta. Ta ƙasa don awon nisa da duba haske, in kyamarar tana da ma'aunin haske a ciki. Ta sama don tsara hoto. Ka gama da ƙasa, ka ɗaga ido zuwa sama, ka zagaya kusurwa huɗu da kallo, sannan ka danna. Kalli hannun nan. Ƙasa. Sama. Danna. A sake. Ƙasa. Sama. Danna.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce ido ya saba da wuri ɗaya. Ranar hawan sallah, dawakai sun taho a guje gaban fadar Sarkin Bauchi, ƙura ta tashi, kakaki na tashi, wa ke tuna taga ta biyu? Ido zai koma inda ya saba, ka danna, ka tafi gida da murnar ka cika hoto da doki. A wanke, ka ga doki ɗan mitsitsi a tsakiya, sama da ƙasa sun cinye sauran. Da gilashin 15, in ba ka matso har kana jin hucin abin da kake ɗauka ba, ka yi nisa. Da doki dai a bi a hankali, ban aike ka ba.

Abu biyu game da tagar saman da ke sake rikita mutane. Na farko, tana lanƙwasa layi a gefe-gefe, sai ka ga bango ya yi ciki kamar zai faɗo. Laifin tagar ne, ƙarama ce mai sauƙin ƙira. Gilashin kansa miƙaƙƙen layi yake zanawa a fim. Na biyu, tana zaune sama da gilashi da 'yan santimita, saboda haka ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. In abin yana nesa, ba ka da damuwa. In ka matso ƙasa da mita ɗaya, a ce tiren masa kake ɗauka a Kasuwar Muda Lawal, fim yana ganin ƙasa fiye da yadda taga ta nuna maka, yana kuma yanke sama. Sai ka bar sarari kaɗan a saman abin.

[Cikin tagar ƙasa. Ana juya zoben gilashi, tabon tsakiya bai motsa ba.]

Ƙorafi na biyu da ke yawo: "Ina juya zobe, hoto biyun nan na tsakiya ba sa haɗuwa." Hoto biyun suna cikin wani tabo a tsakiyar tagar ƙasa, haɗuwarsu ce ke nuna ka saita nisa daidai. Leƙa cikin bakin kyamara. Ka ga ɗan hannun nan mai 'yar taya? Bayan gilashi ke tura shi, shi kuma ya motsa tabon. Voigtländer Super Wide-Heliar 15 na farko, wanda kamfanin Cosina na Japan ya fitar a 1999, ba a yi masa wurin tura hannun ba. Da gangan. Kyamarar da aka fitar tare da shi ma, Bessa L, ba ta da taga ko ɗaya a jikinta, balle ma'aunin nisa. Sai a fitowa ta biyu, ta 2009, aka haɗa shi da ma'aunin.

Me ya sa suka yi haka? Ba a bukata. Sa ƙofar haske a f/8, juya zoben nisa zuwa mita ɗaya, shi ke nan: daga kusan rabin mita har iyakar ganin ido, komai zai fito tar. In 21 ne, ka sa a mita biyu, kana da daga kusan mita ɗaya zuwa can. Lambobin suna rubuce a jikin gilashi, ga su nan. Ka saita da safe, ba ka sake taɓawa sai la'asar.

[Gilashi biyu a tafin hannu: ƙarami da babba.]

To duk wannan ɗawainiya ta mece ce, alhali ga SLR? Dubi girmansu. Rashin madubin nan da ya jawo mana rigima, shi ne ribar. Daga bakin Leica M zuwa fim milimita 27.8 ne, a Nikon F kuwa 46.5, saboda sai an bar wa madubi wurin tashi. Mai ƙera gilashin renjifainda yana iya tura bayansa har dab da fim, sai ya fito ƙarami, layinsa a miƙe. Haka Ludwig Bertele ya yi wa Zeiss gilashin Biogon 21 a 1954. Ita kanta Nikon, da ta yi wa kyamarar F gilashin milimita 21 a 1959, sai an ɗage madubi an kulle shi, a ɗora taga a sama, a koma irin namu. Fim kuma ba ya fushi da hasken da ya zo masa a karkace. Ɗaura tsohon Heliar ɗin nan a wasu kyamarorin dijital, gefen hoto ya yi ja-ja kamar an zuba zoɓo. A fim babu wannan.

Saura a gurguje, hotuna za su yi bayani.

Riƙe kyamara a miƙe. Ka ɗaga hancinta kaɗan, bangayen kabarin Abubakar Tafawa Balewa su tattaru sama kamar za su haɗe. Wani lokaci hakan kake so, wurin ma ya dace da shi, dogon bango ga sararin sama a buɗe. Amma ya zama kai ka zaɓa. Ka nemi izinin masu kula da wurin kafin ka fara.

Yatsa. Hannun babbar riga. Gefen mayafi in iska ta kaɗa. Igiyar kyamara. Inuwarka da hantsi ko da yamma in rana na bayanka. Tagar sama ba za ta nuna maka yatsan da ke gefen gilashi ba, sai ka riƙe jikin kyamara kawai.

Hoton biki: duk wanda ya faɗa kusurwa, kansa zai miƙe ya yi tsawo. Kada ka sa uwar amarya a gefe. Na gaya maka.

Haske: sama tana cika rabin hoto, musamman farar samaniyar hunturu, sai ma'auni ya ɗauka duniya ta fi yadda take haske, mutanenka su fito baƙi ƙirin. Sunkuyar da kyamara ƙasa, auna, sannan ka ɗago. Kusurwoyi kuma za su ɗan yi duhu, halin irin wannan gilashi ne. Zeiss Hologon 15, mai f/8, har wani gilashin tacewa aka yi masa mai duhu a tsakiya don a daidaita. Rage ƙofa zuwa f/8 ko f/11 yana sassauta abin a Heliar.

Gargaɗi ɗaya mai tsada: wasu tsofaffin gilasai, irin Super-Angulon 21 da Jupiter-12, bayansu yana shiga ciki sosai. A Leica M5 da CL akwai ɗan hannun ma'aunin haske da ke tsayawa gaban labulen da ke rufe fim, suna iya karo. Bincika kafin ka murɗa, kuma in ya ƙi shiga kada ka tilasta.

Murfi kuma. Taga biyu za su nuna maka duniya tas alhali gilashi a rufe yake. Hoto 36, duk duhu.

[Mai magana yana tafe a lungu, kyamara a wuya.]

Ni a ganina, mai farawa ya fara da 21. Yana ɗaukar kusan digiri 90 daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ishe ka lungunan cikin gari da zaure da rumfar kasuwa, kuma yana yafe kuskure. Na 15 digiri 110 ne. Akwai na 12, digiri 121, wanda rabin masu sayensa don a ce suna da shi ne. Wanda kuma ɗaga ido sama da ƙasa ya gundure shi, Bessa R4 tana da layin 21 da 25 a cikin tagarta, amma ko ita ba ta kai 15 ba.

Fim ya yi tsada, mai wanke shi ma sai an tona, saboda haka kada ka fara gwaji ranar ɗaurin auren yayanka. Ware hoto uku daga nadin farko. Samu bango mai bulo a fili, tsaya a mita uku, leƙa ta tagar sama, sa yaro ya yi alama da alli a inda ganinka ya tsaya hagu da dama, sama da ƙasa. Ɗauka. Maimaita a mita ɗaya, sannan a rabin mita. In an wanke, ka duba negetif ɗin kansa, domin masu bugawa da na'urar sikan sukan yanke gefe. Inda alli ya faɗa a cikin hoton zai gaya maka yawan abin da tagarka ke ɓoye maka, da ɓangaren da take ɓoyewa.