Daƙiƙa 10 na direban a-kori-kura: lacca kan gobarar mota a Maraɗi

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da direbobin a-kori-kura da yaran mota a Maraɗi. Mai jawabin tsohon ma'aikacin kwana-kwana ne. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabannin tasha, iyayenmu dattawan direbobi, 'yan uwa da yaran mota, sannunku da barin lodi kuka zo kuka zauna. Na san mota a tsaye asara ce, ba zan ja ku da nisa ba.

Duk wanda ke da tukunyar kashe gobara a motarsa ya ɗaga hannu. Madalla, hannuwa da yawa. To, wanda ya taɓa zare ƙusarta ya matsa da kansa, ko sau ɗaya ne, ya bar hannunsa a sama. Kun gani ko? Sun sauka. Yawancinmu mun sayi tukunyar nan ne saboda shingen hanya. Jami'i ya tambaya, a laluba bayan kujera a nuna masa jan abu, a wuce. A nan haka, idan ka ƙetara Dan Isa ka shiga Jibiya ma haka. Amma ranar da hayaƙi ya taso kana tsakanin nan da Dakoro, tafiyar fiye da kilomita 100, ba jami'in da zai tambaye ka komai. Ko ka buga 18, lambar 'yan kwana-kwana, aka ɗauka nan take, kafin motar kwana-kwana ta iso gare ka sai dai ta tarar da ƙarfe. Kai ne ɗan kwana-kwanar motarka, kuma abin da ke hannunka daƙiƙa 10 ne ko ƙasa da haka. Daƙiƙa na ce, ba minti ba.

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Tamu kuwa ba daga kogi take tasowa ba, mun san wuraren da take fitowa, kuma na farkonsu waya ce. Motocinmu tsofaffi ne, wata Peugeot 504 ta girmi direbanta, Hilux ɗin ma kafin ta iso hannunmu ta sha duniya. Robar da ke jikin waya tana bushewa da zafi, ta tsattsage, gargadar hanya ta riƙa goga ta da ƙarfe har tagulla ta fito. Saboda irin wannan ranar aka sa fuzibil: idan wuta ta yi yawa ya tsinke, ya fanshi motar da ransa. Mu kuma me muke yi? Fuzibil ya ƙone sau biyu, sai a ce ya cika fitina, a naɗa waya a gurbinsa ko takardar kwalin taba mai ƙyalli. Fitila ta kama, kowa ya ji daɗi. To ka sani abin da ya ƙona fuzibil ɗin yana nan bai tafi ba, yanzu wayar ce gaba ɗaya za ta yi ja a bayan sitiyari. Ga kuma ƙarin da muke yi: fitilun ado, babbar rediyo, oda mai kuka kamar ta kamiyo, duk an ja su kai tsaye daga batir ba fuzibil a tsakani. Batir ɗin kansa ba a ɗaure yake ba, an tokare shi da katako. Ka faɗa rami ya yi tsalle, kansa ya taɓa ƙarfen kafo, wato murfin inji, shi ke nan. Irin wannan wutar, ko ka kashe kontak ba ta mutuwa, domin batir ne ke ciyar da ita. Sai an cire kan batir. Shi ya sa nake son sifanar da ke kwance shi ta zauna kusa da hannun direba, ba a ƙasan buhuna ba.

Na biyu mai. Tiyon isansi, wato fetur, ya tsufa yana ɗiga a kan inji mai zafi. Famfon mai ya mutu a daji, sai a ɗaura galan a bisa rufi a jawo tiyo zuwa karbureta, a ce mu lallaba mu kai gari, lallaɓawar kuma ta zama wata uku. Ko mota ta ƙi tashi da safe, yaro ya tsiyaya isansi a bakin karbureta direba na murza makulli, ta yi tari ta watso masa wuta a fuska.

Akwai abin da nake so yaran mota musamman su riƙe. Ba ruwan isansi ne ke kamawa ba, tururinsa ne. Isansi na fitar da tururin da zai iya kama wuta tun a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, ke nan a Maraɗi ba dare ba rana, a shirye yake. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a bayan mota, ya bi ƙasa ya je ya sami mai shayi da garwashinsa ko mai taba a gefe, wutar ta biyo shi ta dawo wurin jarka. Gazuwal, wato man dizal, ba haka yake ba, sai ya haura digiri 50 yake fitar da irin wannan tururi, shi ya sa masu gazuwal ke ganin sun tsira. Ba ku tsira ba: gazuwal ko baƙin mai ko man birki ya fesu a kan bututun hayaƙi da ya kai ɗaruruwan digiri, zai kama sarai. Wanda ke shakkar aikin tururi ya tuna Yamai a watan Mayu na 2019, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru ɗiba, ta kama da su. Fiye da mutum 50 suka rasu a daren, wasu suka biyo baya a likita. Allah Ya jiƙansu.

Ban zo yin shari'a da 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, ba, ba aikina ba ne, kuma na san wasunku na ɗaukar jarkoki don guzurin hanya. Amma idan za ka cika jarka, sauke ta ƙasa. Kar a cika ta a bayan mota, balle wadda aka shimfiɗa wa roba. Lokacin hunturu kun san yadda ƙofar mota ke jan mutum idan ya taɓa ta, har ka ji ƙas. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya tada tururin isansi. Kuma jarka ba ta da wuri a cikin gidan direba, ko ta lita 5 ce.

Sai lodi. Bayan girbi kowa harawa yake ɗauka da karan hatsi da tattakar gyaɗa, a tara ta har ta ninka motar tsawo, fasinja su hau bisa. Ɗaya ya kunna taba, ko harawar ta zubo ta kwanta kan salansa. Direba na gaba bai sani ba, iskar gudu na hura masa wuta a baya, sai masu babur sun biyo shi da ihu. Mu mutanen garin nan ba sai an gaya mana saurin busasshiyar ciyawa ba, mun gani a watan Nuwamba na 2021 da azuzuwan zana suka kama da yara a ciki. Don haka kar ka faka mota mai zafi a kan ciyawa ko kara, kuma idan ka tsaya sallah ka zagaya ka cire abin da ya maƙale a ƙarƙashi. Birki da ya riƙe, boris da ya bushe, taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi, su ma suna yin zafi har su kama. Kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa za ka gane wadda ta fi 'yan uwanta zafi.

To mu zo ga tukunyar. Ga ta nan a hannuna. Ku dubi jikinta, za ku ga haruffa uku, A da B da C. A na nufin abu mai tauri, katako, ciyawa, kujera. B mai ne. C gas. Wadda ke da ukun, mai farin gari a ciki, ita ce ta mota. Ƙaramar nan mai kilo 1 da kuka fi saya, in ka matsa ba ka saki ba, tsakanin daƙiƙa 6 da 10 ta ƙare. Ni a ganina ba ta isa motar lodi ba. Mai kilo 2 ita ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita a gidan direba, kuma mai ɗaukar harawa ko jarkoki ya ƙara da mai kilo 6. Ku lissafa kuɗinta da kuɗin taya guda, sannan ku lissafa da kuɗin motar. Gwangwanin feshi kuwa da ake tallarsa a bakin hanya, mai kama da maganin sauro, ba zan sa shi a lissafi ba.

Ga agogonta nan a wuya. Allura ta tsaya a kore. In ta faɗo hagu cikin ja, iskar da ke tura garin ta zurare, ko ka matsa ba abin da zai fito. Amma allura a kore ma ba ta gama magana ba. Gargadar hanyar Mayahi da ƙauyukan Tasawa na danne garin nan a gindin tukunya har ya dunƙule. Wata-wata ka ciro ta, ka juya ta kai ƙasa, ka kara kunne, za ka ji garin na zubowa. In ba ka ji ba, ka bubbuga da tafin hannu. In ya ƙi, a kai ta wurin masu cikawa. Ka duba ƙusa da ɗan zaren da ke riƙe da ita, ka leƙa bakin tiyo, domin zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. Wadda aka taɓa fesawa ko kaɗan ne, a sake cika ta, don iskarta za ta zurare a hankali. Yawancinsu an rubuta musu iyakar zafi digiri 60, mota kuwa a rufe cikin ranar Afrilu gaban gilashi na iya wuce haka, to ba wurin ajiyarta ba ne. A ɗaure ta da maɗauri a ƙasa, gaban kujera ko gefenta, inda hannunka zai kai kana zaune. Wanda ya sa ta a baya ya jibga buhu 20 a kanta, daidai yake da wanda ya baro ta gida.

Yanzu ga hayaƙi ya taso, ko ka ji ƙaurin roba. Ka sauka gefen hanya, nesa da ciyawa da rumfunan mutane, ka kashe kontak, ka ja birkin hannu. Mutane su fara sauka, mata da yara da tsofaffi, su yi nisa ta inda iska ke fitowa, kuma kar kowa ya koma ɗaukar jaka. Yaron mota ya buga 18. Sannan ka ɗauki tukunya.

Nan ne ake asarar mafi yawan motoci. Direba ya ga hayaƙi, zuciyarsa ta ce buɗe ka gani, sai ya wangale kafo. Wutar da ke shaƙe a ciki tana neman iska, ka ba ta, ta tashi ta same ka a fuska da hannu. Ka ja maɓallin kafo daga ciki kawai, ya ɗan ɗaga kamar yatsu biyu, ka zura bakin tiyo ta nan ko ta ragar gaba ko ta ƙasa, ka fesa. Iska ta kasance a bayanka. In wutar a fili take, tsaya kamar taki biyu zuwa uku, ka nufi gindinta, inda abin ke ci, ka riƙa kai hannu dama da hagu. Harshen da ke sama ba shi ne wutar ba, mai fesa harshe ya zubar da garinsa a banza. Kuma ka riƙa matsawa kana saki, ka rage wani abu, domin takan mutu ta sake tashi. Ta lafa, a cire kan batir, a jira, kar a tada motar.

In wuta ta shiga gidan direba, ko ta kai jarkoki ko tukunyar gas, ko tukunyarka ta ƙare tana ci, ka bar ta. Tankin mota ba kasafai yake fashewa kamar yadda ake nunawa a fim ba, amma taya na fashewa, ƙarfe na tashi, hayaƙin kujera da roba kuma guba ne. Ka kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da salula.

Daga nan aka ba da damar tambayoyi. Wani dattijo ya ce su a zamaninsu ƙasa suke watsawa.

Baba, gaskiyarka, kuma Allah Ya hore mana rairayi a ƙasar nan. Man da ya zube yana ci a ƙasa, rairayi na kashe shi, shi ya sa shebur a mota ba ƙaramin abu ba ne. Amma rairayi ba ya shiga ƙarƙashin kafo sai ka buɗe shi, ba ya kai wa bayan sitiyari. A riƙe duka biyun. Ruwa kuwa a kan harawa da katako yana aiki, a kan isansi a'a: man zai hau bisa ruwan ya bi shi duk inda ya gangara yana ci.

Wani yaron mota ya tambayi abin da za a shafa wa wanda ya ƙone.

Ƙanena, kar a shafa komai. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba baƙin mai, ba toka. Ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi za a riƙa zubawa kamar minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne a bar ta, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi likita. Wanda rigarsa ta kama kar ya yi gudu, a kwantar da shi ya mirgina, a lulluɓe shi da bargo ko darduma.

Na ƙarshe ya ce yana da takardar inshora, in motarsa ta ƙone za a biya shi?

Alhaji, ka je ka sa a karanta maka takardar. Wadda doka ta tilasta, wadda yawancinmu ke yanka, tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne. Ƙonewar taka motar sai in ka sayi wannan kariyar daban, kuma za ka gan ta a rubuce a jikin takardar. In ba ta nan, ba sisin da za a ba ka.

Akwai tukwane biyu da wa'adinsu ya kusa cika, na zo da su. Mu fita filin baya, nesa da motoci, yaran mota su fara matsawa, sannan direbobi.