Amsoshin Tambayoyinku: a fara da ampe kafin a buɗe takardar wasan kwaikwayo

Masu sauraro, barkanmu da yamma. Wasiƙar farko daga Aboabo ta fito, nan Kumasi, daga wata malama mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a sakandare. Ta ce yaranta kan zo gwaji bayan an tashi, kowa ya yi laƙwas, wani ma ya kifa kai a tebur yana gyangyaɗi. Yaya za ta yi da su?

To Malama, kada ki ga laifinsu. Yaron da ya wuni kan benci tun safe, da rana ya ɗora waakye, wato shinkafa da wakenmu da aka gyara wa suna, ai dole jikinsa ya mutu. Ki miƙa masa takardar wasan a wannan hali, karatu zai yi miki, ba wasa ba.

Ki ware minti 10. A ture tebura gefe, a yi da'ira. Kowa ya karkaɗa hannun dama sau 8 yana ƙirgawa da ƙarfi, sai hagu, sai ƙafafu. A sake da 4, da 2, da 1, ana ƙara sauri. Kafin a kai ɗaya dariya ta ɓarke.

Daga nan sai ampe. E, ampen da 'yan mata ke yi a kowane lungu na Zango. Akwai tsalle, akwai tafi, kuma dole idonki ya tsaya kan ƙafar abokiyar wasa, ki karanci wadda za ta jefo. Abin da ake nema a dandali ke nan: ɗan wasa ya kalli na gabansa, ya daina jiran layinsa kawai. Samari za su yi ta noƙewa wai wasan mata ne. Ki bar su zagaye biyu, su za su fi kowa ihu. Idan cakuɗuwa ba ta yi miki ba, maza gefe, mata gefe.

Miƙa da lanƙwasa su biyo baya, bayan jiki ya ɗau zafi, domin tsokar da ba ta motsa ba ta fi saurin jin ciwo. Ki rufe da karya harshe: “Kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto?” A fara a hankali tukuna.

Wani ɗalibi daga Asawase kuma yana tambaya, idan azumi ya kama fa? Ɗana, a ajiye tsalle. Ku juya kafaɗu, ku ja numfashi har ciki ya cika, ku zaga ɗakin da tafiyar tsoho, sannan ta mai tallan koko. Wanda ya ji jiri ya zauna, kada kowa ya yi masa dariya.