Ambaliya: Aikin Yana Farawa Daga Ma'aunin Kogi

Masu saurare, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan ruwa ne, wanda ke sauka daga sama da wanda ke bin kogi, da kuma aikin auna shi, aikin da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ruwa ya ci gari.

Idan masana yanayi suka ce an yi ruwan milimita 1, suna nufin lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita. Ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, lita 500,000 ke nan a kan kowace hekta. Dole ruwan nan ya samu wurin zuwa. Ko ƙasa ta shanye shi, ko fadama ta riƙe shi, ko ya gangara. In ya gangara kuwa, mutanen ƙasan kogi ne za su karɓe shi, ko da su ba su ga hadari ba.

Saboda haka babu gari ko jihar da za ta iya da ambaliya ita kaɗai. Ku dubi kogin Neja. Daga tsaunukan Gini ya taso, yana kuma yin tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. A Yamai sau biyu yake cika. Cikar farko ta jan ruwa ce a watannin Agusta da Satumba, daga rafukan da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso. Ta biyu ta ruwan Gini ce, wanda ke daɗewa a fadamun Mali, ba ya isowa sai tsakiyar hunturu, lokacin da damina ta daɗe da wucewa. Wanda ke son sanin abin da kogi zai yi a ƙofar gidansa, sai ya san abin da aka auna a wata ƙasa makonni ko watanni kafin nan. Don haka ne ƙasashe 9 suka haɗu a Hukumar Kogin Neja, wadda aka kafa a 1980 a madadin ta 1964.

Amma kafa hukuma daban, aika labari a kan lokaci daban. A 2022, ruwan sama mai yawa ya haɗu da ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru zuwa kogin Binuwai. A Najeriya mutum sama da 600 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka bar gidajensu. Kada mu ɗora wa madatsa laifin duka. Madatsar da ta cika dole a rage mata ruwa, in ba haka ba ta ɓalle, kuma ɓarnar ɓallewa ta fi ta saki nesa ba kusa ba. Mutanen Derna a Libiya sun ga haka a Satumban 2023, sa'ad da madatsu biyu da aka daɗe ba a gyara ba suka fashe cikin dare, dubban mutane suka halaka. Shekara guda bayan nan Maiduguri ta ga nata daga madatsar Alau. Abin tambaya shi ne: kwana nawa kafin sakin ruwa aka sanar, wa aka sanar, shi kuma wa ya gaya wa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta bar ƙasashe masu arziki ba. A Yulin 2021 hasashe ya nuna ruwa mai tsanani zai sauka a yammacin Jamus, kwanaki kafin ya sauka. Duk da haka mutum sama da 180 suka mutu, mafi yawansu a kwarin kogin Ahr, domin gargaɗin bai isa ga mutane da yawa a matsayin umarnin tashi ba. Sanarwar da ta ce "za a yi ruwa mai yawa" ba ta tayar da kowa. Wadda ta ce unguwa kaza ku tashi kafin ƙarfe kaza, ku nufi wuri kaza, ita ce ke ceton rai. A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya nemi a ce kowane ɗan Adam yana ƙarƙashin tsarin gargaɗi kafin ƙarshen 2027.

To, duk wannan gini a kan me yake tsaye? A kan wani allo mai lambobi da aka kafa a bakin kogi, da ma'aikacin da ke zuwa safe da yamma yana rubuta inda ruwa ya kai. Da littafinsa na shekaru aru-aru injiniya ke sanin faɗin gadar da zai gina da girman magudanar ruwa. Tauraron ɗan Adam yana taimakawa ƙwarai, sai dai shi ma da awon ƙasa ake tantance gaskiyarsa. Abin takaici, kuɗin wannan ma'aikaci da na gyaran na'urarsa su ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙunci, alhali ba su kai ko kusa da abin da ake kashewa a tantuna da kayan agaji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ruwan da ya yi ɓarna a damina, shi ne ake nema da rani a rasa. Masu bincike a yankin Sahel sun lura cewa bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, wasu rafuka sun ƙara kawo ruwa duk da ruwan sama ya ragu, saboda ƙasar da aka share ta yi tauri, ba ta sha. Dashen itatuwa, da ramukan tara ruwa irin waɗanda marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da su a Burkina Faso, suna rage gudun ruwa, suna ciyar da rijiyoyi. Holan ma, bayan kwashe mutum kimanin 250,000 a ambaliyar 1995, ta koma ja da ganuwar kogi baya tana mayar wa ruwa filinsa.

Muna kira ga majalisu, kafin su amince da kasafin baɗi, su tambayi hukumomin ruwa tashoshin awo nawa ne ke aiki a yankinsu, nawa suka lalace, kuma yaushe aka duba lafiyar kowace madatsa. Mu kwana nan.