Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Zaman Share Fagen Taron Maƙeran Wuƙa da Takobi, Daura

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, Sarkin Maƙera da dattawan sana'a, iyayenmu da ƙannenmu masu koyo, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin da aka ɗora wa nauyin shirya wannan taro, ina yi maka barka da zuwa Daura, tare da godiya da ka baro ayyukan ofis a Katsina ka zo ka zauna da mu cikin hayaƙin gawayi. Ba mu kai ka zauren taro mai fanka ba, mun shimfiɗa maka tabarma kusa da uwar maƙera, domin abin da muke son gaya maka ido ya fi kunne saurin gane shi.

Duk ɗan Daura ya taso da labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Abin da akan tsallake a labarin shi ne, kafin baƙon ya iso garin Magajiya Daurama sai da ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. A Katsina ma, Gajere, takobin Korau, yana cikin kayan sarauta har gobe. Sana'ar da ke da irin wannan matsayi a tarihinmu ita ce yau ake saya mata wuƙar kanti mai sheƙi, wadda ke dakushewa kafin a gama feɗe rago ɗaya, alhali mai iya ƙera ta gaske yana zaune a bakin kasuwa yana gyaran fartanya.

Niyyarmu ita ce mu yi taron kwana 3 bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da aikin garma da lauje ya lafa. Za mu gayyato maƙera daga ƙananan hukumomi 5 na masarautar nan, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, tare da 'yan'uwanmu na Katsina da Kano, da kuma na Damagaram da Agadas a Jamhuriyar Nijar, inda Buzaye suka yi suna wajen takobi. Mun yanke shawarar cewa ba za a cika lokacin da karanta takardu ba. Kowane malami zai hura wutarsa, ya ɗauki masaɓarsa, ya yi aikin a gaban jama'a, mai tambaya ya yi tambaya ƙarfe na ja.

Mun shafe makonni muna zagaya maƙeru muna tambayar abin da ya kamata a nuna, kuma amsar da ta fi yawan fitowa daga bakin matasa ita ce ban ruwa, wato tsoma ƙarfe mai zafi cikin ruwa ko mai domin ya yi tauri. Kowa zai iya buga ƙarfe ya fitar da siffar wuƙa, amma a wajen ban ruwa ne ake gane gwani. Na tsaya kusa da wani dattijo ina kallo: ya sa yaron da ke zuga-zugi ya rage hannu, ya ja tsumma ya tare hasken ƙofa domin ya ga launin ƙarfen sosai, da ya yi ja kamar garwashi sai ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma kaifin kaɗai a cikin mai, bai ce uffan ba. Da na tambaye shi yadda ya san lokaci ya yi, sai ya ce idonsa ne ya sani. Gaskiya ya faɗa, sai dai ido ba ya gaduwa. Shi ya sa muke son a haɗa shi da malamin kimiyyar ƙarafa daga ɗaya daga cikin kwalejojin fasaha na jihar nan, wanda zai bayyana cewa ƙarfe yana daina kama mayen ƙarfe idan zafinsa ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, cewa daga nan kaɗan ya rage a tsoma shi, kuma cewa wuƙar da aka ba ruwa takan yi tauri har ta riƙa karyewa kamar kwalba, sai an sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, inda takan ɗauki launin karan dawa busasshe. Dattijon ya san wannan duka da hannunsa, malamin ya san shi da lissafi, yaro mai koyo kuwa yana bukatar su biyun.

Abu na biyu shi ne zaɓen ƙarfe. Yau yawancin wuƙaƙen kirki daga tsohon sifirin mota ake fitar da su, domin yana da sinadarin da ke sa ƙarfe ya karɓi ruwa, rodin gini kuwa ba a dogara da shi wajen kaifi. Za a nuna yadda ake gane su ta tartsatsin da suke fitarwa a kan dutsen wasawa. Za a kuma kawo gawayin ƙirya a ajiye kusa da na sauran itatuwa a ga bambancin wutarsu, a kuma yi maganar dasa ƙiryar, domin ta yi ƙaranci a dajinmu.

Akwai shawara guda da ta fi kwanta mini a rai, ko da yake ita ce mafi wahala: a gina murhun narka tama irin na kakanni, a fitar da ƙarfe daga dutse a gaban idon yaran da suka ɗauka ƙarfe daga bola yake fitowa. Waɗanda suka taɓa ganin an yi wannan aiki sun tsufa ƙwarai, kuma idan ba a ɗauki bayaninsu da hoton bidiyo yanzu ba, za a neme shi a rasa. Dukawa ma suna da rumfarsu domin ɗinkin kube, masassaƙa su nuna ƙota, maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su nuna adon da ake yi wa takobin hawa irin wanda ake gani a Sallar Gani. Wasu sun nemi a rufe da kiɗan dundufa da wasan wuta, kuma Sarkin Maƙera ne zai yanke wannan.

Ranka ya daɗe, ba mu manta halin tsaro da jiharmu ke ciki ba, kuma mun san akwai mai jin an ce taron wuƙa da takobi gabansa ya faɗi. Abin da za a ƙera a nan shi ne wuƙar mahauci, askar wanzami, wuƙar uwargida ta yankan kuɓewa da takobin ado na hawan sallah. Za a rubuta sunan kowane mahalarci ta hannun Sarkin Maƙera, muna kuma son kowane maƙeri ya riƙa buga alamarsa a jikin abin da ya ƙera, a san mai shi.

Roƙonmu gare ka kaɗan ne: fili mai rumfa da zai ɗauki maƙeru 10 a jere, taimakon gawayi da tabarau na kare ido, ma'aikacin lafiya saboda ƙuna, da takardar da za ta sauƙaƙa wa baƙinmu na ƙetare shigowa da kayan aikinsu ta iyakar Kongolom. Muna kuma son jin taka shawarar kan abin da ya dace a ƙara.

Yanzu, da izinin Sarkin Maƙera, muna roƙon ka matso kusa da wuta, domin akwai wuƙar da aka fara bugawa tun da asuba, an dakata da ban ruwanta sai ka iso. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya maishe ka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.