Sababbin nas-nas da safar hannu, yau sai da raina ya ɓaci

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, Manchesta ke nan. Yanzu na fito daga ajin sababbin nas-nas da ungozomomi, ni aka ba su in koya musu hana yaɗuwar cuta a asibiti, kuma wallahi har yanzu ban huce ba.

Kafin aji na leƙa ɗakin majinyata. Sai ga wata 'yar sabuwa ta juye robar fitsarin wani dattijo, ta ja labule, ta taɓa alƙalami, ta nufi ƙarin ruwan gado na gaba, duk da safar hannu ɗaya! Na ce, ƙanwata, tsaya. Ta ɗago min hannuwa, wai ai ta sa safa. To kanki kika kare, shi bawan Allahn nan fa?

Abin da ke ƙona min rai, a gida sau nawa na ga an tura miji kemis ya sayo safar hannu matarsa na kan gwiwa? Nan kuwa kwali-kwali ne a bango, har ta sa yara ƙyuyar zuwa famfo. Ba banza ba asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya yi gangamin rage sa ta a 2018.

A aji na rama. Na shafa musu wani mai da ke haske a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, na ce kowa ya je ya wanke. Da suka dawo muka kashe wuta. Babban yatsa, gindin farce, tsakanin yatsu, duk sai ƙyalli suke! Nawa kuwa tas. Ba yabon kai ba, mu da muka tashi da alwala, tsettsefe yatsu ba baƙonmu ba ne. Sai dai a nan da sabulu ne, daƙiƙa 40 zuwa 60 inji Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ungozomomin na ɗan fasa musu kai. Na ba su labarin wani likita Semmelweis a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, 1847: likitoci na fitowa daga binciken gawa su wuce karɓar haihuwa, masu jego na ta mutuwa da zazzaɓi, alhali a ɓangaren ungozomomi mutuwar kaɗan ce. Da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin sai abin ya lafa. Ku ga yadda suke murmushi.



Ke da ke shirin zuwa aiki nan, ki ji da kyau. In kin taɓa mai gudawar ƙwayar cutar C. diff, kada ki yarda da sanitaiza, ba ta kashe ƙwayar, sai ruwa da sabulu. Allura in kin gama, kada ki mayar mata da murfi, jefa ta robar zubar da allurai nan take. Agogo, awarwaro, jan farce, farcen roba, ki bar su gida, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ba a son komai. In buɗe hannun ya dame ki, tambayi hannun riga na sa-ka-yar tun ranar farko, kada ki tsaya jin nauyi. Ga motata nan, sai anjima.